Browning ta 1968 mai tsatsa a bakin ƙota: katakon gishiri ne, ko tsufa kawai?

Tambaya: Malam, ina zaune a Houston ta jihar Texas. Wani dillali ya nuna mini bindigar farauta ta Browning Superposed, mai baki biyu ɗaya bisa ɗaya, ajin Diana, kuma lambarta ta ƙare da S8. Ya ce magada ne suka fito da ita daga wani gida a Arizona, kuma kuɗin da ya yanka bai kai abin da na saba gani ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani siririn layin tsatsa a daidai inda katako ya haɗu da ƙarfe. Dillalin ya ce tsufa ne kawai, ɗan mai zai share shi, amma wani abokina ya ce in yi hattara da abin da ake kira katakon gishiri. Mene ne wannan, ta yaya zan gane shi, kuma yana gyaruwa?

Amsa: Abokinka ya yi maka gata, domin abubuwa uku da ka ambata, wato shekarar bindigar da ajinta da wurin da tsatsar ta fito, duk sun taru a kan zato ɗaya. Ban ce lallai katakon gishiri ne ba, tunda ba a yanke wannan hukunci daga nesa, amma kada ka ba da ko sisi sai an raba katakon da ƙarfen ka ga abin da ke ƙarƙashi da idonka. Layin da kake gani a waje ba shi ne ɓarnar ba, gefenta ne kawai ya leƙo.

Lambar bindigar ita ce farkon shaida. A tsarin da Browning ke bi a shekarun 1960, harafin S yana nufin Superposed mai cin harsashi lamba 12 (ma'aunin faɗin bakin bindiga ke nan), V na lamba 20, F na lamba 28, J kuma na .410, sannan alƙalamin da ke bin harafin shi ne shekara. Saboda haka S8 tana nufin 1968. Daga 1969 aka koma rubuta shekarar da alƙaluma biyu, kamar S69 da S70. Shekarun da wannan matsala ta shafa su ne daga wajen 1966 zuwa farkon shekarun 1970, kuma ta fi tsanani daga 1967 zuwa 1969, ka ga ke nan taka ta faɗo a tsakiyar lokacin.

Yadda gishiri ya shiga cikin katakon yana da alaƙa da kasuwa. Superposed ita ce bindiga ta ƙarshe da John Moses Browning ya zana kafin rasuwarsa a Beljiyam a 1926, ɗansa Val Browning ya ƙarasa aikin, ta shiga kasuwa a 1931, kuma masana'antar makamai ta FN (Fabrique Nationale) da ke Herstal kusa da birnin Liège ce ke ƙera ta. Bayan yaƙin duniya na biyu Amurkawa sun samu kuɗi a hannu, sha'awar farauta da wasan harbi ta ƙaru, har ya zama a shekarun 1960 masu neman bindigogin Browning sun fi ƙarfin busasshen katakon da kamfanin ke iya samu. Ƙotar irin wannan bindiga da itacen walnot ake yin ta, kuma masu sayen manyan aji irin su Pigeon da Pointer da Diana da Midas ba su yarda da katako mai miƙaƙƙen zare marar ado ba, suna son wanda zarensa ya murɗe ya yi gizo-gizo kamar hayaƙi. Irin wannan ana samunsa ne a gindin bishiya da wurin da manyan rassa suka rabu, kuma an samu mai yawa a nau'in walnot na arewacin Kalifoniya da ake kira Claro.

Matsalar ita ce katakon da ya fi kyau shi ya fi wuyar busarwa. Ɗanyen guntun da za a fitar da ƙota daga cikinsa kaurinsa ya haura inci biyu, kuma masu aikin katako suna lissafa kusan shekara guda ga kowane inci idan iska ce za ta busar da shi, masu yin ƙota kuwa sukan ƙara wasu shekaru a kai kafin su yarda ya zauna. In aka gaggauta shi a ɗakin zafi, bayansa yakan bushe ya tsuke alhali cikinsa na nan da ruwa, sai ya tsattsage, kuma mai murɗaɗɗen zare ya fi saurin tsagewa domin kowane sashe nasa yana ja ta fuskarsa daban. Guntun da aka biya kuɗi mai yawa a kansa yana iya zama itacen wuta cikin mako guda.

A nan ne dabarar gishiri ta shigo. Ba sabuwar dabara ba ce, kuma ba wauta ba ce: masu binciken katako a Amurka sun daɗe da sanin cewa gishiri a bayan ɗanyen katako yana jawo ruwa daga ciki zuwa waje, kuma yana hana bayan bushewa ƙaƙas kafin cikin ya biyo shi, don haka tsagewa ke raguwa kuma lokacin jira ya gajarta. Kamfanin gishiri na Morton ne ya tallata hanyar, an yi amfani da ita a katakon kayan ɗaki, kuma a tsakiyar shekarun 1960 aka fara bi da katakon Browning ta cikinta. Ana jera guntayen ne a tsibi mai tsayi ana zuba gishiri a kansu. Ruwan da gishirin ya jawo daga na sama yana narkar da shi, ruwan gishirin ya riƙa gangarowa yana taruwa, sai ya kasance guntayen sama sun fito da ɗan gishiri a fata kawai wanda sassaƙa ke ɗaukewa, na ƙasa kuwa sun kwana sun wuni a cikin ruwan gishiri har ya ratsa su zuwa tsakiya. Da suka bushe babu mai iya bambanta su da ido. Haka aka tura su Beljiyam aka sassaƙa, aka shafa musu banish, aka ɗaura su a jikin ƙarfe mai tsada.

Wannan bayanin tsibi shi ya sa shekara kaɗai ba ta isa hukunci ba. Bindigogi biyu na iya fitowa daga masana'anta a mako ɗaya, ɗaya ta ruɓe ɗaya ta rayu lafiya har yau. Kai, a bindiga guda ma ƙotar baya na iya zama mai gishiri, katakon gaba da ake riƙewa a ƙarƙashin bututu ya zama mai tsabta, ko akasin haka, domin ba dole ne daga guntu ɗaya aka fitar da su ba. A ganina kuskuren ba a dabarar yake ba, a wurin da aka kai ta yake. Kujera da teburi ba su damu da ɗan gishiri ba. Ƙotar bindiga kuwa an sassaƙa ta ne ta rungumi ƙarfe ƙam, babu ko wurin shigar takarda, kuma a haka za su zauna shekara da shekaru.

Abin da ke faruwa a wannan matsatsin wuri shi ya kamata ka fahimta sosai, domin shi zai nuna maka dalilin da ya sa maganar dillalin ba ta da tushe. Gishiri yana shan laima daga iska, kuma idan laimar iska ta kai wajen kashi 75 cikin 100 yakan narke da kansa ya koma ruwa, kamar yadda gishirin girki ke jiƙewa a kwano cikin watan Agusta ba tare da kowa ya zuba masa ruwa ba. Katako ma yana shan laima yana fitarwa gwargwadon yanayi, kuma duk lokacin da ruwa ya motsa a cikinsa yakan ɗauko gishiri ya kawo shi bakin zare, wato wuraren da aka yanke katakon a gicciye. Ɗaya daga cikin irin wannan yanka a bindiga shi ne kan ƙota, daidai inda ta jingina da uwar ƙarfen, wato gangar jikin bindigar da ke tsakanin ƙota da bututu. Shi ya sa layin da ka gani ya fito a can.

Tsatsar gishiri ta bambanta da tsatsar da ke kama bindigar da aka bari a ruwan sama. Ta ruwan sama tana shimfiɗuwa ne a sama, a goge ta a shafa mai a wuce wurin. Sinadarin kuloraid da ke cikin gishiri kuwa yana huda siririyar fatar da ke kare ƙarfe, ya haƙa rami ƙarami, ruwan da ke cikin ramin ya ƙara tsami, ramin ya ci gaba da nitsewa ƙasa maimakon ya faɗaɗa. Abin da ya fi muni shi ne kuloraid ɗin ba ya ƙarewa a cikin wannan aiki: yana haɗuwa da ƙarfe, haɗin ya koma tsatsa, shi kuma ya kuɓuta ya sake kama sabon ƙarfe. Ɗan kaɗan ya isa ya yi ta ci muddin akwai laima da iska. Mai da aka shafa daga waje ba ya kaiwa gindin ramin, kuma bai taɓa tulin gishirin da ke cikin katakon ba, wanda zai ci gaba da aiko da sabo. Katakon shi ma ba ya tsira, domin narkakken ƙarfe idan ya haɗu da sinadarin tanin da ke cikin walnot yakan yi baƙin tabo kamar tawada, kuma a hankali yana cinye ƙarfin zaren har wurin ya yi laushi ya riƙa marmashewa.

Labarin Arizona da dillalin ya ba ka, in gaskiya ne, ba abin kwantar da hankali ba ne. Arizona busasshiyar ƙasa ce, kuma bindiga mai katakon gishiri tana iya yin shekara hamsin a can gishirin na kwance bai samu ruwan da zai yi aiki da shi ba, sai ɗan layi irin wanda ka gani. Houston kuwa tana kusa da Tekun Meziko, laimarta kan haura kashi 75 a yawancin safiyoyin shekara. Bindigar da ta yi rabin ƙarni tana barci a hamada tana iya yin ɓarnar da ba ta taɓa yi ba cikin shekara ɗaya ko biyu a gidanka. Sau da yawa irin waɗannan bindigogi masu kyan gani a hoto daga busassun jihohi suke fitowa, kuma mai saye a jiha mai laima shi ke gadar ciwon.

Ba Superposed kaɗai abin ya shafa ba. Raifil-raifil ɗin Browning na manyan namun daji, ajin Safari da Medallion da Olympian, suna cikin waɗanda suka fi shan wahala, haka ma ƙaramar T-Bolt mai cin harsashi .22, wadda ke da araha amma gishirin bai ƙyale ta ba. A Auto-5, wata bindigar farauta ta Browning, ba a cika ganinsa ba. A cikin Superposed kuwa, gwargwadon kyan katako gwargwadon abin tsoro, don haka Diana ta fi aji na ɗaya, wato mafi ƙanƙanta, zama abin zargi. Masu tara bindigogi suna kuma duba wutsiyar ƙarfen da ke kare kunama: wadda ta miƙe doguwa cikin mariƙi mai zagayayyen ƙasa alamar kafin 1966 ce galibi, gajeriyar kuwa ta zo daidai da shekarun gishiri. Wannan ishara ce kawai, ba hujja ba.

Idan ka koma wurin dillalin, tafi da fitila mai haske da gilashin ƙara girma da sukudireba wanda bakinsa ya cika tsagar kusa daidai, domin kusoshin Browning tsagarsu siririya ce, kuma wanda bai dace ba zai ɓata su ya bar ka da rigima. Fara da neman izinin kwance kusoshi biyu masu zare da ke riƙe da farantin gindin ƙota. Wannan shi ne bincike mafi sauƙi kuma yana faɗin gaskiya ƙwarai, tunda waɗannan kusoshi sun fi shekara hamsin a nitse cikin ɗanyen katako. Kusar da ta fito daga lafiyayyen katako zarenta na nan da kaifinsa, ko da ta ɗan yi duhu. Wadda ta fito daga katakon gishiri takan yi gardama wajen juyawa, ta fito da jan gari a jikinta, zaren ya cinye ya zama kamar an tauna, wani lokaci ma ta karye rabi ya tsaya a ciki. In kusoshin suka fito fes suna ƙyalli, kada ka yi saurin murna, haska cikin ramin: kusa sabuwa a cikin rami mai baƙi ko jan baki tana nufin wani ya riga ka ganin matsalar ya canza su.

Daga nan sai ka bi duk layin da katako ya taɓa ƙarfe da gilashin. Uwar ƙarfen Diana ba baƙa ba ce, launin toka mai haske ce da zane mai zurfi da aka sassaƙa da hannu, don haka tsatsa tana bayyana a kanta sosai, takan fara kamar ɗigo-ɗigon ruwan goro a gefen zanen. Duba katakon da ke gefen: ko ya yi duhu fiye da sauran jikinsa, ko banish ɗin ya kumbura ya yi ƙuraje, ko ya yi fari-fari yana ɓarewa. Katakon gaba na Superposed yana da wata ɗabi'a da ke ɓoye ɓarna, domin idan aka kwance bindigar ba ya rabuwa da bututun, zamewa gaba kawai yake yi ya tsaya a jikinsu. Mutum na iya mallakar bindigar shekara talatin bai taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinsa ba. Cire shi gaba ɗaya, da zare dogon notin da ya ratsa ƙotar baya daga gindi, aikin mai gyaran bindiga ne, kuma ya cancanci ka biya kuɗin sa'a ɗaya a yi shi a gabanka. Dillalin da ya ƙi yarda a buɗe bindigar 1968 mai tsatsa a bakin ƙota ya riga ya ba ka amsa.

Gwajin da aka fi dogara da shi na sinadarin silba naitiret ne, narkakke kashi 1 cikin 100 a tataccen ruwa. Ana kankare wani ɓoyayyen wuri, kamar ƙarƙashin farantin gindi ko cikin kwarin da bututu ke kwanciya, har sai sabon katako ya bayyana babu banish babu mai, sannan a ɗiga ɗigo ɗaya. Idan akwai gishiri, azurfar da ke cikin sinadarin tana haɗuwa da kuloraid nan take, ɗigon ya yi fari kamar madara. Idan babu, ɗigon zai zauna garau ko ya ɗan sauya launi kaɗan. A karanta sakamakon a cikin mintin farko, domin bayan wani lokaci haske yana mai da wurin duhu ko da gishiri ko babu. Ni na fi son a kankaro ɗan garin katakon a zuba a ƙaramar kwalba mai tsabta da tataccen ruwa, a bar shi ya jiƙa, sannan a ɗiga sinadarin a ruwan, saboda farin gajimaren ya fi fitowa fili a cikin kwalba fiye da a kan katako mai duhu.

Gwajin yana iya ruɗar mutum ta fuska biyu. Gumin hannu gishiri ne, ruwan famfo ma yana ɗauke da kuloraid, don haka wanda ya taɓa wurin da yatsa ko ya wanke kwalbar a famfo zai iya ganin fari a katakon da ba shi da laifi. Ta ɗaya fuskar kuma gishiri ba ya bazuwa daidai a cikin guntu, gindin ƙota na iya fitowa da tsabta alhali kanta cike yake, shi ya sa ake gwada wuri fiye da ɗaya, kuma a gwada katakon gaba daban. Sinadarin yana baƙanta fata na kwanaki kuma yana da haɗari ga ido, sai a sa safar hannu da tabarau, a ajiye shi a kwalba mai duhu. Idan gwaji ya ce babu gishiri amma ƙarfen da ke ƙarƙashin katakon ya cika da ramuka, ka gaskata ƙarfen.

Game da gyara, amsar da ba a son ji ita ce gaskiya: ba a fitar da gishiri daga ƙotar da aka riga aka sassaƙa. Mutane sun gwada jiƙa ta a ruwa ana canzawa, kuma ruwan yana ɗebe na kusa da fata, amma na tsakiya yana nan zai biyo baya, ƙotar kuma ta kumbura ta karkace ta tsage, daidaiton da aka yi mata da ƙarfe ya tafi. Wasu suna shafe duk cikin ƙotar da gam mai ƙarfi irin Araldite domin su shiga tsakanin katako da ƙarfe. Wannan yana rage saurin ɓarnar, kuma ga bindiga mai araha irin T-Bolt a busasshen gari ba zan hana mutum ba muddin zai riƙa buɗewa yana dubawa. Sai dai katako yana motsi da yanayi, bindiga tana dukan ƙotarta duk lokacin da aka harba, kusoshi suna huda shafen, kuma tsaga ɗaya da ido ba ya gani ta isa ruwan gishiri ya samu hanya. Ga Diana a Houston wannan jinkiri ne kawai. Maganin da Browning da kansa ya koma gare shi shi ne na gaskiya: da abin ya bayyana, kamfanin ya daina amfani da katakon a farkon shekarun 1970, kuma ya yi shekaru yana canza wa masu sayen farko ƙota yana gyara musu ƙarfe. Saboda haka akwai bindigogin 1968 da yawa da ke ɗauke da lafiyayyen katakon da aka sa musu daga baya, kuma irin waɗannan babu laifi a saye su in gwaji ya tabbatar. Kai da kake saye daga hannun magada, kada ka sa ran wannan rangwame zai kai gare ka.

Canza katako rabin aiki ne, kuma a nan masu gaggawa ke faɗuwa. Kuloraid ɗin da ya riga ya zauna a gindin ramukan ƙarfe zai ci gaba da aikinsa a ƙarƙashin sabuwar ƙota in ba a fitar da shi ba. Dole a wargaza bindigar gaba ɗaya, a cire maiƙo, a tafasa sassan a tataccen ruwa ana canza shi, a kankare tsatsar har gindin kowane rami, a busar sosai kafin a yi maganar mai ko rinin da ke baƙanta ƙarfe. Ramukan da ke jikin uwar ƙarfe ana iya cike su da walda mai laushi a goge a daidaita, amma in sun ci zanen sai an nemo mai sassaƙa ƙarfe ya sake bin aikin maƙeran Herstal da hannu, kuma masu iya wannan ba su da yawa, kuɗinsu kuma ba kaɗan ba ne. Bututun ma ba a jefa su a tukunyar rini mai zafi ta zamani yadda ake yi wa raifil, domin a bindigogi masu baki biyu na wancan zamani da dalma ake liƙa ƙarafan da ke haɗa bututun, kuma ruwan rinin yana cin dalmar. Sai an bi tsohuwar hanyar rini a hankali, wadda ke cin kwanaki.

Inda nake ja da baya gaba ɗaya shi ne ramuka masu zurfi a jikin bututu. Katakon gaba yana kwance ne a kan sashen da ke bin ɗakin harsashi, inda matsin wuta ke da ƙarfi, kuma harsashi lamba 12 na yau da kullum an yarda matsinsa ya kai fam 11,500 a kan kowane inci murabba'i. A daidai wannan wuri hannunka na hagu yake riƙe. Ramin tsatsar gishiri bakinsa ƙarami ne cikinsa da zurfi, ido ba ya iya kimanta shi, sai mai gyara ya auna kaurin bangon bututun da ma'auni a daidai gindin ramin. Ba a yi wa wannan wuri walda a ce an gyara. Haka nan a duba ƙarfen da ke kulle bindigar da ƙananan sassan kunama da na makullin tsaro da ke ɓoye cikin kan ƙota, domin tsatsa a can tana iya sa bindiga ta tashi ba a taɓa ta ba. Kada ka harba ta ko sau ɗaya kafin a yi wannan bincike.

Lissafin ciniki kuwa ga yadda zan yi shi in ni ne. Idan an buɗe aka ga ƙarfe fes kuma gwaji bai nuna gishiri ba a wurare da dama, layin da ka gani tsatsar gumi ce ko ta ajiya, ka samu bindiga mai kyau a farashi mai sauƙi saboda tsoron da shekararta ke ba mutane. Idan akwai gishiri amma ɓarnar ta tsaya a fuskokin da katako ke rufewa, bututu lafiya, zane bai taɓu ba, ana iya saye, da sharaɗin ka fara samo rubutaccen kiyasi daga mai gyaran da ya saba da Superposed: kuɗin guntun walnot da ya dace da ajin Diana, da sassaƙa shi, da zanen mariƙi, da aikin ƙarfe. Ka cire wannan duka daga farashin lafiyayyar Diana, ka ƙara cire wani abu domin masu tara bindigogi ba sa biyan bindigar da aka sake wa katako kamar wadda ke da nata na asali, abin da ya rage shi ne iyakar tayinka. Sau da yawa za ka tarar rangwamen dillali bai kai rabin kuɗin gyaran ba. Idan kuwa tsatsar ta ci zanen da ake gani ko ta nitse a bututu, bar masa kayarsa, Diana ba ta ƙare a kasuwa ba, kuma ta kafin 1966 ba ta da wannan fargaba.

In ka saye ta kuma aka tabbatar da gishirin, kada ka jira layin mai gyara da katakon a jikinta, domin masu wannan aiki sukan riƙe bindiga watanni. A ranar da ta shigo hannunka a raba katako da ƙarfe, a goge ƙarfen a shafe shi da giris, a ajiye shi inda laima ke tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100, da ƙaramin ma'aunin laima a kusa domin ka riƙa gani. Kada ka rufe shi a akwati mai soso, soso yana riƙe danshi. Tsohuwar ƙotar kuma kada ka yar, mai sassaƙa zai buƙace ta ya kwafi siffarta da ma'auninta, amma ka ɗaure ta a leda ka rubuta mata alama, ka ajiye ta nesa da sauran bindigoginka, kuma kada a mayar da tsoffin kusoshinta cikin sabon katako.